Shuɗin Kwano da Ɗakin Gwaggo Amsa

Ni kafinta ne, kuma rufi ne abincina. Shekara ashirin da wani abu ina hawa kan gidajen mutane a ƙasar Ɗambatta, har ta kai idan na shiga gari, kan gidaje nake fara kallo kafin fuskokin masu su. Sunana Tajuddeen, kowa Taju yake ce min. Abin da zan faɗa a garinmu ya faru, damina biyu da suka wuce, kuma da hannuna a ciki, shi ya sa ya ƙi barin raina.

Alhaji Abdulkabir, mai sayar da hatsi a kasuwar Ɗambatta, ya aiko in je in duba masa gida. Tsohon gidan gado ne, ginin ƙasa mai shimfiɗaɗɗen rufi: azara, zana, ƙasa a kai, sai indararo da ke watsa ruwa waje. Duk shekara sai an hau an yi yaɓe kafin ruwa ya sauka, kuma Alhaji ya ce ya gaji. Ga shi 'yarsa Khairiyya ta gama makarantar koyon aikin jinya, za a yi bikinta cikin Agusta, dangin angon kuwa mutanen birni ne.

"Malam Taju," ya ce, "so nake idan baƙo ya sauka a bakin titi, kada ya tambayi kowa gidana. Ya ɗaga kai kawai."

Na hau na tattaka rufin, na sauko, muka zauna a zaure.

"Hanya biyu ce, Alhaji. Ko mu bar rufin ƙasar yadda yake, mu ɗora bulo layi uku a kan katanga, mu kafa katako, kwano ya zauna a sama kamar hula. Ɗaki zai riƙe sanyinsa, ƙarar ruwa ba za ta dame ku ba, amma fa sai azara tana da lafiya. Ko kuma mu sauke ƙasar gaba ɗaya, mu yi sabon rufi, mu buga silin."

"Kwanon fa?"

"Akwai ɗan bandir ɗin nan da kowa ya sani, yana da sauƙi, amma shekara kaɗan zai fara tsatsa. Akwai dogon alminiyum mai launi, falle ɗaya daga sama har baki ba haɗi, shi ba ruwansa da tsatsa. Akwai kuma mai yashi-yashin nan da ake yayi a birni, shi kam ban ba ka shawara ba, katakon da yake ci ya fi ƙarfin ginin ƙasa."

Alhaji bai yi dogon tunani ba. A sauke ƙasa, a sa dogon alminiyum, shuɗi, a ɗaga shi sosai. Muka shiga cikin gida yana nuna min: zaure, falo, turakarsa, ɗakin matarsa Ramlat, ɗakin yara. Ɗaki biyar a jere. Daga nan ya juya zai fita.

"Wancan fa?" na tambaya. Akwai wani ɗaki a kusurwa, manne da bayan jerin, ya ɗan fi sauran gajarta.

Kafin ya amsa, labulen ɗakin ya ɗaga, wata tsohuwa siririya ta leƙo, ƙamshin daddawa ya biyo ta.

"Kabiru, wannan ne mai hawa kan mutanen?"

Gwaggo Amsa kenan, yayar mahaifin Alhaji. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, ta dawo ɗakin da aka haife ta a ciki. Da daddawa take riƙe kanta, kuma duk wanda ya san miya a garinmu ya san tata. Na durƙusa na gaishe ta, ta ƙare min kallo ta ce ban yi kama da wanda zai faɗo ba, Allah ya taimaka.

Da muka koma zaure na gaya wa Alhaji gaskiya. Yadda yake son a ɗaga rufin, duk ruwan da zai gangaro ta baya a kan ɗakin Gwaggo zai sauka. Ruwan ɗaki biyar a kan ɗaki ɗaya, kuma na ƙasa.

"Ai za a yi nata," ya ce. "Zagaye na biyu."

"To ko magudana mu sa, ta kwashe ruwan zuwa waje."

"Idan za a rufa nata, magudanar me kuma? Aiki biyu kenan, Malam Taju."

Babban aiki ne, irin wanda idan ka yi shi, duk mai wucewa zai tambayi sunanka. Na ce a raina tunda ya ce za a yi, za a yi.

Sati uku muka yi ni da mutanena, kuma ban taɓa aiki cikin dariya kamar wannan ba. Kullum da hantsi Gwaggo za ta fito da ƙwaryar kunu ta ajiye a gindin tsani, ta ɗaga kai ta yi kira, "Taju, idan ka hango Makka daga nan ka gaya min in yi addu'a!" Ranar da muka buga falle na ƙarshe, mutane suka taru a bakin titi suna kallo. Rufin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Tun daga gonakin gero kana hango shi yana ɗaukar ido.

Kwano ya ragu, falle goma sha huɗu. Na je wa Alhaji da murnata na ce ga na Gwaggo Allah ya kawo, har zai yi saura.

"Madalla," ya ce. "Amma ka ga motar nan rana tana cinye mata fenti. Fara kafa mata rumfa, na Gwaggo sai mu yo odarsa daban, a yi mata mai kyau."

Na kafa wa mota rumfa.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka a tsakiyar Yuni. Washegari na biya in ga ko akwai inda ya yi yoyo. Ramlat ta tare ni da fara'a, ta ce ko ɗigo ba su gani ba, Allah ya yi wa hannuna albarka. Ina shirin fita na ji muryar Gwaggo.

"Taju, zo ka ga nawa aikin."

Na leƙa. Tsakar ɗakin cike da kwanuka: na tuwo, na miya, tasa, har da murfin tukunya, kowanne da jan ruwa a ciki. Sama kuwa zanar ta yi baƙi, tana ɗiga a hankali.

"Ka gani? Ni ma an yi min kwano. Na Kabiru a sama, nawa a ƙasa."

Na yi dariya ne kawai don ta yi. Na san abin da ruwa yake yi wa rufin ƙasa idan ya samu wurin zama.

Na samu Ramlat a madafa na ce ko za ta sa baki.

"Ai Malam Taju, tsofaffi ba sa son kwano. Zafi yake musu. Ka sa mata yanzu, gobe ta ce ka gasa ta."

"An tambaye ta?"

"Ai ba sai an tambaya ba, mun san halinta."

Na ce to ko a mayar da ita ɗakin yara kafin a gyara. Ta buɗe min ƙofar ɗakin in gani da idona: gado, kujeru, firji, katifa a cikin ledarta, duk kayan ɗakin amarya, an tula har silin.

"Ka san kayan nan ba sa son laima," ta ce.

Ranar kasuwa na tarar da Alhaji a rumfarsa. Shi kuma sabon dalili ya kawo. Ɗakin nan kakansa ne ya gina shi, shi kaɗai ya rage na asali a gidan, bai kamata a yi gaggawar taɓa shi ba. Kuma ni kaina na sani ba a buɗe rufi cikin damina. Na ce ba sai an buɗe ba, hula za mu ɗora masa, kwana biyu ya isa. Sai wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga min hannu, ya shiga maganar masara. Da yamma ya aiko min da wani tsohon tamfol da ya gama shanya hatsi a kai, ya ce in shimfiɗa mata kafin a ga abin da hali zai yi. Na shimfiɗa, na danne da duwatsu. Hujin da ke jikinsa ya fi ashirin.

Yuli ya shigo da ruwa kusan kullum. Kalwar da Gwaggo ta tanada don daddawa ta yi funfuna, buhu guda, aka zubar a bola. Wadda ta samu ta dafa kuwa ta ƙi bushewa, ta canza wari, masu saye suka koma wani gida. Ta ja gadonta zuwa kusurwa ɗaya da ba ta yoyo, bayan sati kusurwar ma ta fara. Tari ya kama ta, ƙafafunta suka kumbura. Khairiyya ce take kawo mata magani tana shafa mata ƙafa, kuma na ji ta yi wa mahaifinta magana sau biyu, ya ce ita dai ta ji da shirin bikinta.

Gwaggo ba ta da yawan roƙo, amma sau ɗaya ta roƙa a gabana. Ana saura kwana biyar Babbar Sallah, Alhaji ya kira ni in rufa garken ragunan layyarsa da ɗan bandir, wai kada mura ta kama su. Ina kan aikin ya shigo cikin farar shadda zai tafi ɗaurin aure. Ta tsaya a ƙofarta, ta dafa bango.

"Kabiru, zo ka shiga ka gani."

Ya zo bakin ƙofa ya tsaya, ya tattare rigarsa. Bai shiga ba.

"Jiya curin ƙasa ya faɗo a kan filona," ta ce. "Da ban tashi alwala ba, a kaina ne."

"Subhanallahi! Allah ya tsare, Gwaggo. Kin san ba ni da kamar ki a duniya. Bari bikin nan ya wuce, wallahi ɗakinki sai ya fi na kowa."

"To, Allah ya kai mu."

Ya fita. Ta daɗe a tsaye tana kallon ƙasa, ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Can ta ɗago ta hango ni ina buga ƙusa a kan garke, sai ta saki murmushi.

"Taju, tambayar min ragunan nan ko suna karɓar baƙo. Ba na munshari."

Na gama rufa wa raguna ɗaki, na tattara kayana na tafi gida. Ranar ban iya cin tuwo ba, amma ban koma na yi komai ba.

Aka sa ranar kawo lefe, wata Asabar a farkon Agusta. Ranar Juma'a aka yi iska mai ƙarfi, ta ɗaga falle ɗaya a tsororuwar rufin falo. Da sassafen Asabar Alhaji ya kira ni in zo in danne shi kafin baƙi su iso da azahar. Na hau da hantsi. Ina cikin aiki na ji ƙarar motoci da guɗa a ƙofar gida: baƙi sun yi sammako. Matan gida suka rikice, ana kwashe tabarmi ana share tsakar gida, wata ta ga tsani ya tare hanya ta sa aka fitar da shi bayan gida. Ba wanda ya tuna akwai mutum a sama. Ga tsakar gida cike da matan mutane, ba damar in yi ihu. Na lafe a bayan tsororuwa, kwano yana gasa min ciki, ina leƙen ƙasa.

Aka shiga da akwatuna falo, ana ta guɗa. Tsakar gida ta yi shiru. Sai ga Gwaggo ta fito tana jan ƙafa, da bokiti a hannu. Ta ciro wani dogon farin yadi, ta matse, ta shanya shi a igiyar da ta ratsa tsakiyar gidan, daidai ƙofar falo. Ramlat ta fito ɗaukar lemo ta gani, ta dafe ƙirji.

"Haba Gwaggo, yau kuma?"

"Yau rana ta fito, 'yar nan. Ban san ta gobe ba."

Kafin Ramlat ta kai hannu, jagorar masu lefen ta fito. Hajiya Aina'u sunanta, gwaggon ango ce, doguwar mace mai tabarau. Ta ce an gama ganin kaya, yanzu a kai su su gaida babbar gida. Aka nuna mata Gwaggo. Ta russuna har ƙasa ta gaishe ta, sauran matan suka bi. Da ta miƙe, gefen yadin ya taɓa mata kafaɗa.

"Wannan farin na amarya ne, Inna?"

"A'a, nawa ne. Likkafanina ne."

Gwaggo kuwa ta ci gaba da fara'arta kamar tana ba da labarin kasuwa.

"Kabiru ne ya kawo min tsaraba daga Makka, Allah ya yi masa albarka, yaron kirki. Shekara tara yana ƙasan adaka. Ruwa ne ya shiga, jar ƙasa ta ɓata shi. Na ce yadda azarar nan take kuka a kaina, gara in wanke shi tun da wuri, kada a zo nema a same shi da datti, a ji kunyar mutane."

Hajiya Aina'u ta nufi ƙofar Gwaggo. Ta cire takalminta, ta ɗaga labulen ɗakin ta shiga. Ramlat tana bin ta tana cewa ai gyara za a yi, an ma yi odar kwano. Ta ɗan jima a ciki. Da ta fito, gefen leshinta ya yi jar ƙasa. Ta tsaya ta bi bangon da kallo har sama, ta ga inda bakin shuɗin kwano ya leƙo a kan rufin ƙasa, ta ƙara ɗaga kai. Sai idonta a cikin nawa.

"Kai malam, na sama! Kai ka yi rufin nan?"

Mata suka ɗaga kai gaba ɗaya, wasu suka ja mayafi. Na ɗago a hankali, guduma a hannu.

"Ni ne, Hajiya."

"Ka iya aiki. Daga nan inda kake, ba ka hango ɗakin nan?"

"Ina hangowa, Hajiya."

"To."

Iyakar abin da ta ce min kenan, kuma da mari ta yi min da ya fi sauƙi. Ta juya ga Ramlat, murya ƙasa-ƙasa, amma daga sama ina jin komai.

"Mu ma muna da tsofaffi a gida. Abin da ya sa muka yi murna da 'yarku, an ce ta karanci kula da marasa lafiya. Lefe dai mun kawo, ba abin da ya canza. Amma ranar ɗaurin aure zan dawo, kuma nan ɗakin zan fara sauka in sha ruwa."

Motocin ba su kai titi ba wayata ta yi ƙara a aljihu. Alhaji ne.

"Malam Taju, kana ina? Maza ka zo gidana yanzu-yanzu!"

"Ina kan gidanka, Alhaji. A turo min tsani."

A ranar aka mayar da Gwaggo falo, ta kwana a kan sabuwar kujera tsakanin akwatunan lefe. Kwanon da aka ce sai an yi oda, kafin la'asar ɗin Lahadi yana ƙofar gida. Ba wanda ya ƙara tuna cewa ba a buɗe rufi cikin damina, ko cewa kaka ne ya gina ɗakin.

Na so in ɗora mata hula in bar mata rufin ƙasarta, don ta riƙe sanyin da ta saba da shi. Ina taka saman na ji yana lotsawa. Da muka yaye ƙasar, azara huɗu suka karye a hannunmu kamar rake, cikinsu ya zama gari. Biyu daga ciki daidai kan inda gadonta yake. Ɗaya daga mutanena ya zauna a kan katanga yana salati. Dole muka sauke komai muka yi sabo, muka buga silin, na sa magudanar da ta kwashe ruwan ɗakuna biyar ɗin zuwa waje. Duka aikin kwana biyu da rabi ya ci.

Aka yi biki lafiya. Hajiya Aina'u ta cika alkawari, ta sha ruwa a ɗakin Gwaggo, har suka yi hoto. Tarin ya tafi bayan wata guda, ƙafa ta saɓe, kaka ta yi aka sayi sabuwar kalwa. Alhaji kuwa har yau idan zance ya zo a majalisa, yakan ce shi duk gidansa ba ɗakin da ya kai na gwaggonsa kyan rufi, mutane su ce Allah ya saka, haka ake so ɗa ya zama.

Ba na tanka masa, don ban fi shi ba. Wata biyu matar nan tana kwana a ƙarƙashin ruɓaɓɓiyar azara a gidan ubanta. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya hana ta tuwo, kowa yana gaishe ta da safe. Kowannenmu yana da dalilinsa mai kyau, kuma duk mun samu lokacin mota da raguna da firji. Tarinta bai motsa mu ba, curin ƙasa a kan filonta bai motsa mu ba. Baƙuwa ɗaya mai tabarau ta leƙa na minti biyar, kwano ya zo a kwana ɗaya. Irin ɗakin nan yana nan a gidaje da yawa, a can kusurwa inda ba a hangowa daga titi, kuma mu masu hawa sama mun fi kowa sanin inda suke.

Bayan biki da sati biyu na biya in duba magudanar. Na tarar da Gwaggo a ƙofar ɗakinta tana tsince wake, rediyo a gefe. Na tambaye ta rufi.

"Lafiya lau. Da rana ina dahuwa, idan ana ruwa kuma kamar ana biki a kaina. Amma a bushe nake, alhamdulillahi."

Ta sa na zauna, ta ba ni kunu, ta yi min tsiyar yadda na lafe a kan kwano ranar lefe kamar ƙadangare, muka yi dariya har da hawaye. Da na tashi tafiya ta kira ni.

"Taju."

"Na'am, Gwaggo."

Ba ta ɗago daga waken ba.

"Da baƙin nan da azahar suka zo kamar yadda aka ce, da na riga na kwashe shanyata. Da yaushe za ka dawo ka rufa min ɗakin?"

Na tsaya da hula a hannu. Ta ci gaba da tsintar wakenta, ba ta matsa min ba.